Jatan Lande Tsakanin Gishiri da Amoniya

Mafi yawan mutanen ƙasar Hausa ba su san jatan lande ba sai busasshensa, wanda ake aunawa da kwano a kasuwa, a daka a zuba a miya. Daga gaɓar teku ake kawo mana shi, musamman daga yankin Oron na Jihar Akwa Ibom da sauran wuraren da koguna ke faɗawa cikin teku. Amma a wasu sassan duniya jatan lande dabbar kiwo ce, kamar yadda kaza take a wurinmu. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 an samu tan miliyan 5.8 daga kiwon nau'i ɗaya tak, wato farin jatan lande da masana ke kira Litopenaeus vannamei. Asalinsa daga gaɓar Tekun Fasifik yake, tsakanin Meziko da arewacin Peru, amma a yau akasarinsa a tafkunan Sin da Indiya da Biyetnam da Indunusiya da Ekwado ake kiwonsa.

Daga cikin abubuwan da ke hana mai wannan kiwo barci akwai guda biyu: yawan gishirin da ke cikin ruwan tafkinsa, da kuma yawan amoniyar da ta taru a ciki. Idan ya yi sakaci da su yana iya wayar gari ya tarar da wahalar wata uku tana yawo a saman ruwa. Abin da wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu shi ne, waɗannan abubuwa biyu a gaɓa ɗaya suke haɗuwa cikin jikin dabbar, kuma kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Saboda haka adadin amoniyar da jatan lande zai jure a wannan tafki, shi ne zai iya hallaka shi a wancan.

Rayuwa tsakanin ruwa biyu

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ruwan kogi kuwa bai kai rabin giram ba. A inda kogi ya haɗu da teku ana samun ruwan zartsi, wanda gishirinsa ke hawa da sauka gwargwadon cikar teku da janyewarsa, da kuma gwargwadon damina da rani. Farin jatan lande a cikin teku yake zuba ƙwai. 'Ya'yan sukan ƙyanƙyashe kafin kwana ɗaya ya cika, su yi ta sauya kama har tsawon kimanin mako biyu, sa'an nan su nufo bakin kogi inda abinci ya yawaita. A nan suke girma na wasu watanni kafin su koma teku su hayayyafa. Dabbar da aka tsara mata irin wannan rayuwa dole ta iya zama a ruwa iri daban-daban, shi ya sa ake iya kiwon wannan nau'i a ruwan da gishirinsa bai wuce giram 1 ko 2 a lita ba, ana kuma iya kiwonsa a wanda ya haura giram 40.

Akwai wani ɗan'uwansa a kogunan Afirka ta Yamma, mai suna Macrobrachium vollenhovenii, wanda tafiyarsa ta zama akasin haka. Shi a ruwan daɗi yake zama, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwan zartsi, don haka tilas macen ta gangara bakin teku. Da aka kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Senegal a 1986, sai hanyar ta toshe, wannan jatan lande ya kusa ƙarewa a saman madatsar. Shi kuwa yana cin dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Ga ruwan daɗi ya kwanta, ga mai cin dodon koɗi ya tafi, sai tsargiya ta bazu a ƙauyukan yankin. Wannan ya isa ya nuna cewa zancen gishirin ruwa zancen rai ne ga waɗannan halittu.

Ruwa gishiri yake bi

Idan uwargida ta yanka albasa ta barbaɗa mata gishiri, ba da jimawa ba za ta ga ruwa ya tsattsafo. Dalili kuwa shi ne, duk inda tantani ya raba ruwa biyu, ruwa yakan ratsa daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya fi yawa. Masana suna kiran wannan osmosis. Gishirin shi ma, in ya sami kafa, yakan silale daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan.

Jikin jatan lande a lulluɓe yake da ɓawo mai tauri, amma akwai wurin da ba shi da wannan kariya. A ƙarƙashin ɓawon da ya rufe kansa da ƙirjinsa, dama da hagu, akwai gaɓoɓin numfashi masu kama da gashin tsuntsu, waɗanda a nan za mu kira mashaƙa. Fatarsu siririya ce ƙwarai, domin ta nan iskar oksijin ke shiga jini. Sai dai ƙofar da ta bar iska ta shiga ba ta hana ruwa da gishiri wucewa.

A 1981 wasu masana biyu a Amurka, Castille da Lawrence, sun auna jinin nau'o'in jatan lande a ruwa mai gishiri daban-daban. Sun gano cewa jinin farin jatan lande yana yin daidai da ruwan da ke kewaye da shi ne idan gishirin ruwan ya kai kimanin giram 25 a lita. A irin wannan ruwa dabbar ba ta shan wata wahala wajen daidaita jininta. Idan gishirin ya haura haka, kamar a tsakiyar teku, ruwa yakan riƙa fita daga jikinta, sai ta sha ruwan tekun ta kuma fitar da rarar gishirin. Idan kuwa ya yi ƙasa, misali giram 5, sai lamarin ya juya: ruwa ya riƙa kutsawa cikin jiki, gishirin jini kuma ya riƙa zurarewa. Don ta rabu da rarar ruwan sai ta yawaita fitsari, ta wasu ƙananan gaɓoɓi da ke gindin dogayen gashin bakinta. To, amma fitsarin nata gishirinsa daidai yake da na jini, wato duk fitsarin da ta yi asarar gishiri ce. Ba ta da mafita sai ta tsamo gishiri daga ruwan da shi kansa ba shi da isasshe.

Famfon da ke cikin mashaƙa

Wannan aiki na tsamo gishiri wani furotin ne ke yinsa, wanda ke zaune a tantanin ƙwayoyin mashaƙa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou na Jami'ar Aarhus, shi ya gano shi a 1957 lokacin da yake nazarin jijiyoyin ƙaguwa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a kan haka a 1997. Aikin furotin ɗin kamar na famfo ne. A kowane bugu yana tura ƙwayar sodiyam uku waje daga cikin ƙwayar halitta, ya jawo fotasiyam biyu ciki. A mashaƙar jatan lande, famfon yana tura sodiyam ɗin ne zuwa cikin jini, sai gurbi ya samu a ƙwayar halittar, sodiyam na ruwan tafki ya shigo ya cike. Kowane bugu sai an biya shi da kuzari, kuzarin nan kuwa daga abinci yake fitowa. Abin da ya tafi wajen famfo bai tafi wajen ƙara nama ba.

Akwai kuma wata dabara ta biyu. Idan jini ya ɗan tsinke, ƙwayoyin tsoka suna cikin haɗarin kumbura da ruwa. A cikin waɗannan ƙwayoyi akwai sinadaran amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, waɗanda jiki ya ajiye a sake don su riƙe ruwa kamar yadda gishiri ke yi. Idan gishirin ruwa ya sauka, sai jiki ya rage su ta hanyar fitar da su daga ƙwayoyin da kuma ƙona su. Wasu daga cikin waɗannan sinadarai, irin su gilaisin da alanin da furolin, su ne ke ba naman jatan lande ɗan zaƙinsa, shi ya sa wanda aka kiwata a ruwa mai ƙarancin gishiri yakan yi lami a baki. Abin lura a nan shi ne, kowane amino asid yana ɗauke da naitirojin, kuma in an ƙona shi tokar da yake bari ita ce amoniya.

Daga ina amoniya take fitowa?

Duk wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba, ko ya wuce lungun da ake fitsari, ya san amoniya, domin ita ce ke ba da zarnin nan mai hawa kai. Kowace dabba da ke cin furotin tana samar da ita, kuma guba ce ga kowace dabba. Hantar ɗan Adam takan mayar da ita yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. Tsuntsaye sukan mayar da ita wani farin sinadari, shi ne farin da ake gani a kashin kaza. Jatan lande da kifi ba sa ɗaukar wannan ɗawainiya, tunda ruwa ya kewaye su. Mafi yawan amoniyarsu ta mashaƙa take fita kai tsaye, ruwa ya tafi da ita.

A teku wannan tsari ba shi da aibu, saboda ruwan ba shi da iyaka. A tafkin kiwo kuwa, inda ake tara ɗaruruwan dubbai a wuri ɗaya, ruwan da suke zuba ƙazantar shi ne dai ruwan da suke shaƙa. Bari mu yi ɗan lissafi. Abincin jatan lande yakan ƙunshi furotin kimanin kashi 35 cikin 100, furotin kuma kashi 16 cikin 100 nasa naitirojin ne. Ke nan kowane kilo ɗaya na abinci yana ɗauke da naitirojin giram 56. Kusan rubu'in wannan ne kawai ke zama nama. Ragowar, wajen giram 40, a ruwa da taɓon ƙasan tafki yake ƙarewa, ko dai ta mashaƙa, ko ta kashi, ko ta abincin da ba a ci ba ya ruɓe. Mai zuba kilo 100 a rana yana zuba wa tafkinsa naitirojin kilo 4 kullum.

Amoniya mai fuska biyu

A cikin ruwa amoniya tana zama ne a siffa biyu. Akwai NH3, wadda iska ce narkakkiya, tana ratsa tantanin mashaƙa ba tare da wata wahala ba, kuma ita ce ta fi dafi. Akwai kuma NH4+, mai ɗauke da cajin lantarki, wadda ba ta iya ratsawa sai ta sami ƙofa. Abin da ke raba rabo tsakaninsu shi ne ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami, kamar ruwan tsamiya, ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya haura ta kuma ya nufi wajen kanwa.

A ruwan daɗi mai zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, NH3 ba ta kai kashi 1 cikin 100 na dukkan amoniyar ba. A kan 8 takan haura kashi 5, a kan 9 kuwa ta kai kashi 36. Idan zafin ya kai digiri 30, waɗannan adadi biyu na ƙarshe sukan koma kimanin kashi 7 da rabi da kuma kashi 45. Gishiri yakan ɗan rage wannan rabo, don haka a ruwan teku adadin ya fi ƙanƙanta kaɗan. Shi kuwa pH na tafki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rana ƙananan tsirran ruwa, dangin gansakuka, sukan zuƙe iskar kabon dayoksaid don haɗa abincinsu, sai pH ya yi ta hawa har zuwa la'asar, da dare kuma ya sauko. Ashe tafkin da aka auna da asuba aka ga lafiya yana iya zama guba kafin la'asar, alhali ba a ƙara masa ko ɗigon amoniya ba.

Ɓarnar da take yi a jiki

Amoniya tana fita daga jini cikin sauƙi ne muddin ta waje ba ta kai ta ciki ba. Da zarar ta ruwa ta yi yawa, fitar takan yi wuya, har ta kai ta waje ta fara shiga. Daga nan sai ɓarna ta biyo baya ta hanyoyi da dama. Siririyar fatar mashaƙa takan kumbura ta lalace, numfashi ya yi wuya. Jinin jatan lande yana ɗaukar oksijin ne da wani furotin mai tagulla, himosayanin, wanda ke sa jinin ya yi shuɗi-shuɗi, ba kamar namu mai ƙarfe da ke yin ja ba. An ga cewa wannan furotin yana raguwa a jinin jatan landen da ya zauna cikin amoniya, a daidai lokacin da jikin ke neman ƙarin oksijin don yaƙi da gubar.

Ita kuma NH4+ tana da wata makida: girmanta da cajinta sun yi kama da na fotasiyam. Famfon da muka ambata yana iya ɗaukarta a madadin fotasiyam, haka ma ƙofofin da fotasiyam ke bi a jijiyoyi. Wannan kamanni yana da amfani a lokacin lafiya, domin ta nan ne mashaƙa ke kwashe wani kaso na amoniyar jini ta fitar. Amma in ta yi yawa sai ta dagula aikin jijiyoyi da na daidaita gishiri, sodiyam da kulorayid na jini su sauka.

Garkuwar jiki ma ba ta tsira ba. A 2004 Liu da Chen na ƙasar Taiwan sun nuna cewa farin jatan landen da aka ajiye cikin ruwa mai amoniya ya fi saurin mutuwa idan ƙwayar cutar Vibrio alginolyticus ta kama shi. Sau da yawa mai kiwo yakan ɗora laifin asararsa a kan cuta, alhali ruwa ba ya tsami banza: amoniya ce ta fara raunana dabbar kafin cutar ta sami shiga.

Ana kukan targaɗe

Yanzu sai mu haɗa zaren biyu. A 2001 Lin da Chen, a wata jami'ar nazarin teku da ke Keelung ta Taiwan, sun sa matasan farin jatan lande a ruwa mai gishiri mataki uku, suka nemi adadin amoniyar da ke kashe rabinsu cikin kwana huɗu. A ruwa mai gishiri giram 35 a lita, sai da amoniya ta kai kusan miligiram 40 a lita. A mai giram 25, kimanin miligiram 35. A mai giram 15 kuwa, miligiram 24 kacal ya wadatar. Dabba ɗaya ce, guba ɗaya ce, amma raguwar gishiri ta zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na juriyarta.

Bayanan da suka gabata sun isa su fassara wannan sakamako. A ruwa mai ƙarancin gishiri, jatan lande yana ƙona amino asid, don haka amoniyar da shi kansa yake samarwa ta ƙaru. Mashaƙarsa tana cikin aikin jawo sodiyam ba dare ba rana, ita ce kuma gaɓar da amoniya ke fara lalatawa. Kuzarin da zai yi amfani da shi wajen kawar da guba ya riga ya tafi wajen famfo. Bugu da ƙari, rabon NH3 a irin wannan ruwa ya ɗan fi yawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai ma wata ta biyo baya. Wasu bakteriya masu amfani a tafki suna mayar da amoniya zuwa naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit zuwa naitiret wanda ba shi da dafi sosai. Idan na biyun suka yi jinkiri, naitirayit yakan taru, shi ma guba ne. Ƙofar da yake bi ya shiga jini ita ce ƙofar kulorayid, wato rabin gishirin da muke ci. Idan kulorayid ya yi yawa a ruwa sai ya tare ƙofar. Lin da Chen sun sake irin wancan gwaji da naitirayit a 2003, suka sami kimanin miligiram 322 a ruwa mai giram 35, da 178 a mai giram 25, da 77 kawai a mai giram 15.

A tafki, waɗannan abubuwa sukan taru ne bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ruwan sama ya fi na zartsi rashin nauyi, sai ya kwanta a sama ya hana iska isa ƙasa. Gishiri ya sauka farat ɗaya, tsirran ruwa su mutu su ruɓe, amoniya ta hau. Sauyin gaggawa irin wannan yakan sa jatan lande da yawa su yi saɓa, su yar da tsohon ɓawo, sabon kuwa laushi gare shi, ruwa na ratsa shi. Da rana ta sake buɗewa tsirrai suka farfaɗo, pH ya hau, sai amoniyar da ta taru ta juya zuwa fuskarta mai dafi a kan dabbar da ba ta da sulke.

Abin da masu kiwo suka koya

Duk da haka mutane ba su fasa kai jatan lande nesa da teku ba. A shekarun 1990 manoman tsakiyar Tailan sun riƙa sayen ruwan gishiri a tankoki suna kiwo a filayen shinkafa, har gwamnati ta haramta hakan a yankunan ruwan daɗi a 1998 saboda gudun lalacewar ƙasar noma. A yammacin Jihar Alabama ta Amurka kuma ana kiwon farin jatan lande da ruwan rijiyoyi masu zartsi. A can an koyi cewa yawan gishiri kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba irinsa. A ruwan teku, kowane giram 28 na sodiyam yana tare da giram 1 na fotasiyam. Ruwan rijiyoyin ya gaza a fotasiyam da maganiziyam, famfon mashaƙa kuwa ba ya aiki sai da su, don haka jatan landen ya yi ta mutuwa har sai da aka fara zuba takin da ke ɗauke da waɗannan sinadarai a tafkunan.

Sauran darussan duk daga ilimin jikin dabbar suka fito. Ana auna amoniya ne tare da pH da zafi da gishiri, kuma awon la'asar ya fi na safe faɗin gaskiya. Ana sauke gishiri a hankali, cikin kwanaki, idan za a mayar da ƙanana daga maƙyanƙyasa zuwa tafki, don famfo ya sami lokacin ƙaruwa. Ana rage abinci bayan ruwan sama, a kunna injinan da ke kaɗa ruwa. A 1999 Yoram Avnimelech na Isra'ila ya bayyana lissafin wata dabara da ta yaɗu daga baya: a zuba wa tafki abu mai sukari ko sitaci, bakteriya su yi amfani da shi su haɗiye amoniya su gina jikinsu, jatan lande kuma ya cinye bakteriyar.

Mai kiwon tarwaɗa a Kano ko Kaduna ba ya fama da cikar teku, amma dokar amoniya ba ta canza masa ba. Ruwansa na daɗi ne, zafin watan Afrilu kuma yana ɗaga rabon NH3 a kwatamin kankare fiye da yadda yake a lokacin hunturu. Ɗan gishirin da wasu masu kiwon kifi ke zubawa a ruwa yana da tushe a kimiyya, domin kulorayid ɗinsa ne ke tare wa naitirayit hanya, sai dai ba ya cire amoniya. Maganinta shi ne sauya ruwa a kan kari, da auna abinci, da rage cunkoso. Wanda ya jira sai hancinsa ya ji warin ruwa kafin ya motsa, mashaƙar kifinsa ta riga shi ji da kwanaki.